Dokar Kulle da Sauran Matakan Korona a Najeriya: Tambayoyi da Amsoshi

A shekarar 2020 gwamnatocin Najeriya, ta tarayya da na jihohi, sun hana mutane fita daga gidajensu, sun rufe kasuwanni da makarantu da wuraren ibada, sun kuma tsayar da tafiye-tafiye tsakanin jihohi domin daƙile cutar korona. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda jama'a suka yi ta maimaitawa a lokacin, kuma da yawansu za su sake tasowa duk ranar da wata annoba ta ɓulla.

Yaushe cutar ta shigo Najeriya, kuma me aka fara yi?

An tabbatar da mutum na farko da ke ɗauke da cutar a ranar 27 ga Fabrairu, 2020, wani ɗan ƙasar Italiya da ya sauka a Legas sannan ya wuce wurin aikinsa a jihar Ogun. A ranar 9 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa kwamitin fadar shugaban ƙasa kan cutar a ƙarƙashin Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, tare da Dakta Sani Aliyu a matsayin mai tsara ayyukan kwamitin. Kwana biyu bayan haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare an rufe makarantu, an dakatar da jiragen ƙasashen waje a filayen Kano da Enugu da Fatakwal, sannan na Legas da Abuja. A daren 29 ga Maris shugaban ƙasa ya yi wa al'umma jawabi, ya sanar da kulle na kwana 14 a Legas da Ogun da Abuja, wanda daga baya aka tsawaita. Jihar Kaduna ta riga gwamnatin tarayya, domin Gwamna Nasir El-Rufa'i ya hana fita dare da rana tun kwanaki kaɗan kafin nan, kuma shi kansa gwaji ya nuna ya kamu a ranar 28 ga Maris.

Mene ne hikimar tsare mutum mai ƙoshin lafiya a gida?

Wannan tambaya ce mai ma'ana, domin abin da mutane suka saba gani shi ne a ware marar lafiya a bar masu lafiya su ci gaba da harkokinsu. Abin da ya sa korona ta bambanta shi ne, mutum yana iya ɗauke da ƙwayar cutar ya yaɗa ta kafin alama ta bayyana a jikinsa, wani ma har ya warke bai taɓa sanin ya kamu ba. Ƙwayar tana fita ne da numfashi da tari da magana, tana kuma iya ɗaukar har kwana 14 kafin ta nuna kanta, shi ya sa ake ƙidaya kwanakin killacewa da na kulle da wannan adadi. Tun da ba a iya gane mai cutar da ido, kuma ɗakunan gwajin da ƙasar ke da su a farko biyar ne kacal ga mutane sama da miliyan 200, sai hukuma ta ɗauki kowa a matsayin wanda zai iya kasancewa ɗauke da ita.

Kulle ba ya kashe ƙwayar cuta kuma ba ya warkar da kowa. Aikinsa shi ne rage haɗuwar mutane, ta yadda waɗanda za su kamu ba za su kamu a lokaci guda ba. Ruwan da zai sauka cikin damina guda, idan ya sauka a dare ɗaya, babu magudanar da za ta ɗauke shi, amma idan ya rarrabu cikin watanni ƙasa za ta shanye. Haka asibiti yake da gadajensa da iskar oksijin da ma'aikatansa. Saboda haka amfanin kulle yana rataye ne da abin da aka yi a cikin kwanakinsa: ƙara ɗakunan gwaji, bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da masu cutar, tanadin oksijin da kayan kariyar likitoci. Idan aka kulle gari ba a yi waɗannan ba, an jinkirta cutar ne kawai, an kuma ƙara wa jama'a yunwa a kai.

Wace doka ce ta ba gwamnati ikon hana mutane fita?

Tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin walwala a sashe na 41, da 'yancin addini a sashe na 38, da na taro a sashe na 40, amma sashe na 45 ya yarda a taƙaita waɗannan haƙƙoƙi ta hanyar doka idan lafiyar al'umma ta buƙaci haka. Dokar da shugaban ƙasa ya dogara da ita ita ce ta killace masu cututtuka masu haɗari ta shekarar 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa, kuma a ƙarƙashinta ya sa hannu kan ƙa'idojin korona a ranar 30 ga Maris, 2020. Wasu lauyoyi sun yi jayayya cewa kamata ya yi a ayyana dokar ta-ɓaci bisa sashe na 305 da amincewar Majalisar Tarayya. An gabatar da ƙudurin sabuwar dokar cututtuka masu yaɗuwa a Majalisar Wakilai a wannan shekarar, sai dai ya gamu da suka mai tsanani saboda yawan ikon da ya ɗora a hannun jami'ai kaɗan. A watan Janairun 2021 aka fito da sababbin ƙa'idoji da suka wajabta sanya takunkumin fuska a wuraren taruwar jama'a, suka tanadi tara ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ga wanda ya saɓa.

Me ya sa kulle ya fi yi wa talaka nauyi fiye da yadda ya yi a Turai?

Nan ne zuciyar al'amarin. Tsarin kulle ya samo asali ne daga birnin Wuhan na ƙasar Sin, ƙasashen Turai suka bi sahu, kuma a waɗancan wurare mafi yawan mutane suna da albashi da firji da ruwan famfo a cikin gida, gwamnati kuma tana da sunan kowa da lambar asusunsa ta yadda za ta iya tura masa kuɗi. A Najeriya kuwa, ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta nuna kashi 40 cikin ɗari na jama'a, kimanin mutum miliyan 83, suna rayuwa ƙasa da ma'aunin talauci, kuma mafi yawan masu aiki ba su da albashin wata. Ɗan dako a kasuwar Singa, da direban adaidaita sahu mai biyan balas kullum, da mai shayi, da ɗan garuwa, da mai wankin hula, duk hannu baka hannu ƙwarya suke yi. Cefanen dare yana fitowa ne daga abin da aka samu da rana, don haka idan aka ce wa irin wannan magidanci ya zauna a gida kwana 14, to an ce masa ne ya ciyar da iyalinsa kwana 14 da abin da bai da shi.

Matan aure da ke sana'a a cikin gida su ma abin ya same su ta inda ba a lura ba. Mai ƙosai da mai awara da mai dambu sun dogara ne ga yaran da ke fita da talla da kuma masu wucewa, kuma da titi ya mutu sai jari ya narke a tukunyar gida, adashe ya tsaya, wadda ake sa ran za ta kwasa a wannan watan ta rasa. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta yi ta wayar tarho a watannin Afrilu da Mayu na 2020 ya nuna kashi 42 cikin ɗari na waɗanda ke aiki kafin annobar sun daina aiki. Tattalin arzikin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu na shekarar, a daidai lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a kasuwar duniya.

Akwai kuma batun muhalli. A gidan haya mai ɗakuna goma da banɗaki ɗaya da rijiya ɗaya, inda mutum shida ko bakwai ke kwana a ɗaki, umarnin ba da tazarar mita biyu magana ce da ba ta da wurin zama. Watan Afrilu kuma shi ne tsakiyar zafi a Arewa, ga rashin wutar lantarki, mutane kan fito ƙofar gida ne don su sha iska. Wanda ya ga matasa sun cika majalisa a unguwa ya ce taurin kai ne kawai, bai shiga ɗakunan da suka fito daga ciki ba.

Me ya faru a Kano a watan Afrilun 2020?

An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, kuma Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya sa dokar kulle daga 16 ga watan. Cikin 'yan kwanaki sai masu haƙa kabari a maƙabartun birni suka fara cewa gawarwakin da ake kawowa sun ninka abin da suka saba gani, akasari dattawa, kuma a cikinsu akwai malaman jami'a da tsofaffin ma'aikata da masu sarauta. A daidai wannan lokaci ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda shi kaɗai ne a jihar, ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, don haka birnin ya shiga duhu game da abin da ke kashe mutanensa. Gwamnatin jiha ta fara danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. A ranar 27 ga Afrilu shugaban ƙasa ya ba da umarnin kulle Kano gaba ɗaya na mako biyu, ya kuma tura tawagar likitoci.

Tun da ba a yi wa mamatan gwaji ba kuma an binne su cikin sa'o'i kamar yadda addini ya koyar, hanyar da ta rage ita ce bin gidajen makoki ana tambayar iyalai alamomin da suka gani kafin rasuwa. A watan Yuni Ministan Lafiya, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa an ƙidaya mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce ta haddasa su ko ta tsananta wata cutar da mamacin ke da ita. Sauran kashin ma abin dubawa ne, domin asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ko sun riƙa mayar da marasa lafiya saboda tsoro, kuma mai ciwon suga ko mai naƙuda da aka hana shi hanya ko aka ƙi karɓarsa yana iya mutuwa ba tare da ya taɓa kamuwa da korona ba.

Sassaucin da aka yi daga baya, na buɗe kasuwanni a ranakun Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, ya nuna wata matsalar. Mutanen da a da suke rarrabuwa cikin kwana bakwai sai suka taru a cikin sa'o'i shida, kafaɗa da kafaɗa a gaban masu kayan miya da na'urorin cire kuɗi, kowa na sauri kada lokaci ya ƙure. Da an bar kasuwannin abinci a buɗe kullum tare da taƙaita masu shiga a ƙofa, da cunkoson bai kai haka ba.

Shin rufe masallatai da hana jam'i bai saɓa wa addini ba?

Wannan shi ne matakin da ya fi sosa zukata, musamman da yake azumin Ramadan na shekarar ya fara ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar kulle. An dakatar da tafsiri a bainar jama'a, aka mayar da shi rediyo da talabijin da Facebook, aka ce a yi asham da tahajjud a gida. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta goyi bayan bin umarnin hukumomin lafiya, haka ma malamai da yawa, waɗanda suka kafa hujja da hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla da kuma fita daga cikinsa, da labarin Sayyidina Umar wanda ya juyo daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba a can, da kuma rangwamen yin salla a gida idan akwai ruwan sama mai ƙarfi ko tsoron cutuwa. Ƙasar Saudiyya kanta ta dakatar da Umara, ta taƙaita aikin Hajjin 2020 da na 2021 ga mazauna ƙasar, wanda ya sa maniyyatan Najeriya suka yi shekara biyu ba su tafi ba.

Wasu malaman ba su gamsu ba, kuma hujjarsu ba ta wofi ba ce: sun ce ta yaya za a buɗe kasuwa a bar masallaci a rufe, alhali sallar Juma'a ba ta wuce rabin sa'a kuma ana iya yin ta a fili da tazara? An kama limamai a jihohi daban-daban, an gurfanar da wasu. A ƙarshe Kano da wasu jihohin Arewa sun bari a yi sallar Idi a watan Mayu, ko da yake an soke hawan Salla. A ganin mai wannan rubutu, inda aka zauna da limaman unguwa tun farko aka yi musu bayanin cutar an fi samun biyayya fiye da inda suka ji umarnin a rediyo kamar kowa. Coci-coci ma sun sha irin wannan rufewa, har bikin Ista na shekarar ya wuce ba taro a manyan birane.

Me ya sa aka riƙa mayar da almajirai jihohinsu?

A watan Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka amince kowace jiha ta mayar da almajiran da ba 'yan asalinta ba, bisa dalilin cewa tsangayu na da cunkoso kuma yaran ba su da abin ci tun da an hana yawon bara. Aka loda dubban yara a manyan motoci aka bi da su tsakanin Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina da Bauchi da Gombe, a lokacin da doka ta hana kowa tsallaka iyakar jiha. Jihohin da suka yi wa yaran gwaji bayan sun iso, kamar Kaduna da Jigawa, sun sami da yawa ɗauke da cutar. Ta fuskar kiwon lafiya wannan mataki ya ci karo da manufar kulle, domin ya kwashi cuta daga birni ya nufi ƙauyukan da ba su da asibiti, kuma ya ɗora wa yara ƙanana tambarin masu yaɗa annoba. Abin da ya fi dacewa shi ne a ciyar da su a inda suke, a gwada su, sannan a yi maganar makomar tsarin tsangaya bayan hankali ya kwanta. Da aka sassauta doka, yara da yawa sun koma wurin malamansu.

Gaskiya ne jami'an tsaro sun kashe mutane wajen tilasta dokar?

Gaskiya ne. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ba da rahoto a tsakiyar Afrilu cewa jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonni biyun farko na kulle, mafi yawansu a jihar Kaduna, a lokacin da waɗanda cutar ta kashe a hukumance ba su kai wannan adadi ba. An kafa kotunan tafi-da-gidanka da ke cin tarar masu saɓa doka, a jihar Ribas kuma gwamna ya sa an rushe otal biyu. A kan manyan hanyoyi, haramcin tafiya tsakanin jihohi ya zama hanyar karɓar na goro a shingaye: motar da ta biya ta wuce, kuɗin mota ya ninka, kuma direbobin tumatir da albasa, waɗanda doka ta keɓe, suka riƙa kwana a hanya kayansu na ruɓewa.

Ina tallafin da aka yi alkawari ya tafi?

Gwamnatin tarayya ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa, ta biya naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar marasa galihu, ta kuma ce za a faɗaɗa rajistar daga gidaje miliyan 2.6 zuwa miliyan 3.6. Manyan 'yan kasuwa da bankuna, ciki har da Aliko Dangote, sun kafa gamayyar CACOVID wadda ta gina cibiyoyin killacewa ta kuma sayi abinci ta miƙa wa jihohi. Ko da an raba komai bisa amana, waɗannan alƙaluma sun yi kaɗan idan aka auna su da mutum miliyan 83, kuma rajistar ta fi ƙunsar mazauna karkara, alhali talakan birni ne kulle ya fi shafa. A unguwanni da yawa abin da ya iso shi ne 'yan mudu na shinkafa da taliya da za a raba wa layi guda. A watan Oktoban 2020, bayan zanga-zangar adawa da rundunar 'yan sanda ta SARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Kalaba da wasu garuruwa suka tarar da kayan tallafi jibge. Gwamnoni sun ce ana jiran kammala kawowa ne ko an ajiye don zagaye na biyu na cutar, amma mutumin da ya kwana da yunwa a watan Afrilu ba zai karɓi wannan bayani cikin sauƙi ba. Abin da ya riƙe mutane da gaske shi ne maƙwabtaka da zumunci da zakka da ciyarwar azumi.

Yaya rufe makarantu ya shafi yara?

Makarantu sun kasance a rufe kusan wata shida ga mafi yawan ɗalibai. Masu jarrabawar ƙarshe sun koma ranar 4 ga Agusta, aka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga watan, sauran azuzuwa kuma sai wajen Oktoba. Jihohi kamar Kaduna da Kano sun sa darussa a rediyo da talabijin, makarantun masu hali kuma suka koma intanet, wanda ya ƙara tazara tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Wasu yaran da suka shiga talla ko koyon sana'a ba su dawo ba, wasu 'yan matan kuma an aurar da su. Ɗaliban jami'o'in gwamnati sun haɗa da yajin aikin malamai wanda ya kai daga Maris zuwa Disamba.

Takunkumin fuska da wanke hannu suna da amfani kuwa?

Suna da shi, kuma su ne matakan da talaka zai iya ɗauka ba tare da ya rasa abincinsa ba. Ƙwayar korona tana lulluɓe da wani ɓawo mai maiƙo wanda sabulu ke narkarwa idan aka cuɗa hannu na kimanin daƙiƙa 20, kuma sabulun wanki na kasuwa ya wadatar. Takunkumi yana rage abin da ke fita daga bakin mai cutar, shi ya sa amfaninsa ya fi yawa idan kowa ya sa, ya kuma rufe hanci da baki, ba a sauke shi a haɓa ba. Teloli sun ɗinka na atamfa da yadi da araha. Daga baya bincike ya ƙara tabbatar da cewa cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen wuri marar iska, don haka buɗe tagogi da yin taro a fili sun fi feshin magani a kan tituna amfani nesa ba kusa ba.

Yaya maƙwabtanmu suka yi?

Jamhuriyar Nijar ta sami mutum na farko ranar 19 ga Maris, 2020, gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe masallatai, ta killace birnin Yamai, ta sa dokar hana fitar dare. Matasa sun yi tarzoma a Yamai da Maraɗi da yankin Damagaram kan hana sallar jam'i, kuma aka sake buɗe wuraren ibada ranar 13 ga Mayu. Ghana ta kulle Accra da Kumasi daga 30 ga Maris, amma bayan mako uku Shugaba Nana Akufo-Addo ya ɗage dokar, yana mai ambaton wahalar da talakawa ke sha da kuma ƙaruwar gwaji. Iyakokin Najeriya na tudu kuwa a rufe suke ga kaya tun Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe huɗu, ciki har da Illela da Maigatari.

Me ya sa mutane da yawa ba su yarda akwai cutar ba, kuma suka guji allurar rigakafi?

Waɗanda aka fara jin sun kamu gwamnoni ne da manyan jami'ai da masu dawowa daga Turai, sai aka riƙa cewa cutar manya ce. Da shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Malam Abba Kyari, ya rasu ranar 17 ga Afrilu, jama'a sun ga hotunan cunkoso a wurin jana'izarsa a Abuja a lokacin da ake hana talaka raka gawar ɗan'uwansa, kuma wannan ya rage wa dokar kwarjini. Wasu kuma sun ɗauka jihohi na ƙara alƙaluma ne don samun kuɗi.

Game da rigakafi, shakkun Arewa yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya ƙunshi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, shari'a ta ɗauki shekaru. A 2003 aka dakatar da allurar shan inna a Kano kusan shekara guda saboda jita-jitar hana haihuwa. Abin da ya dawo da amincewa shi ne shigar sarakuna da malamai da masu unguwanni, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta, 2020. Allurar korona ta farko, kusan miliyan 4 ta AstraZeneca, ta iso ranar 2 ga Maris, 2021 ta COVAX, shirin duniya na raba allurar ga ƙasashe, bayan ƙasashe masu arziki sun daɗe da fara yi wa mutanensu. A Disambar wannan shekarar aka lalata sama da miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare, domin an kawo su ne saura 'yan makonni su lalace.

To, kulle ya yi amfani ko bai yi ba?

Alƙaluman hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, sun nuna kimanin mutum 267,000 suka kamu, 3,155 suka rasu, adadin da ya yi ƙasa sosai da abin da aka yi hasashe. Sai dai gwajin da aka yi kaɗan ne, kuma mafi yawan mace-mace a ƙasar ba a yi musu rajista, kamar yadda lamarin Kano ya nuna. Masana sun fi danganta sauƙin da aka samu da ƙuruciyar al'umma, domin rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ko 19 ba, cutar kuma ta fi kashe tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini. Makonnin farko sun ba da damar ƙara ɗakunan gwaji da cibiyoyin jinya, wannan riba ce ta gaske. Amma kulle gari ɗungurum na tsawon makonni a inda mutane ke ci daga aikin yini abu ne da ba a iya riƙewa, kuma gwamnati da kanta ta fara sassautawa daga 4 ga Mayu alhali masu kamuwa ƙaruwa suke yi. An ɗage haramcin tafiya tsakanin jihohi ranar 1 ga Yuli, jiragen ƙasashen waje suka dawo ranar 5 ga Satumba, sauran ƙa'idoji kuma aka janye su a Disambar 2022.

Idan wata annoba ta zo, me ya kamata a yi dabam?

Najeriya ta taɓa shawo kan Ebola a 2014 ba tare da kulle gari ba: likita Stella Adadevoh ta hana mai cutar fita daga asibiti a Legas, ma'aikatan yaƙi da shan inna suka bi sawun duk wanda ya yi mu'amala da shi, aka tsaya a mutum 20 da mace-mace 8. Korona ta fi Ebola wuyar kamawa saboda tana yaɗuwa a ɓoye, amma kayan aikin iri ɗaya ne. Ya kamata kariya ta karkata ga dattawa da masu cututtukan da suka daɗe a jiki, a hana manyan taruka a rufaffun wurare, a bar kasuwar abinci da asibiti da hanyar gona a buɗe, kuma duk unguwar da tilas ta sa a rufe a kai mata abinci da ruwa kafin a rufe ta. Kasafin lafiya na tarayya ya daɗe yana yawo a kusan kashi 5 cikin ɗari, alhali alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 kashi 15 ne. Akwai kuma aiki mai arha da za a iya farawa yanzu: a ba kowace maƙabarta littafin rajista da ma'aikaci mai albashi wanda zai rubuta shekarun mamaci da unguwarsa da alamomin rashin lafiyarsa, ya miƙa wa jami'in lafiya na ƙaramar hukuma duk mako, domin a Kano masu haƙa kabari sun riga ɗakin gwaji sanin cewa wani abu na faruwa.